Me ya sa na'urar DVD ke ƙin karanta faifan da aka naɗa a kwamfuta?

A gidaje da dama har yanzu akwai na'urar DVD mai aiki, ga kuma tarin faya-fayan da aka naɗa a shekarun baya: na bikin aure, na suna, na walimar saukar Alƙur'ani, da na tafsirin watan azumi.

Abin da jama'a suka fi kokawa da shi dai shi ne, na'urar takan nuna fim ɗin kamfani lafiya lau, to amma da zarar an saka mata faifan da aka naɗa a kwamfuta, sai ta yi ta juya shi, daga bisani ta rubuta No Disc ko Disc Error a allon talabijin.

Daga nan wasu sukan ruga wajen mai gyara, wasu kuma su jefar da faifan bisa zaton ya lalace. Sau da yawa kuwa na'urar da faifan duk lafiyarsu ƙalau, jituwa ce kawai babu a tsakaninsu. Idan kuma faifan da aka jefar shi kaɗai ne ke ɗauke da hoton wani mamaci ko muryarsa, to an yi asarar da ba ta da madadi.

Faifan kamfani da faifan gida

An fara sayar da na'urar DVD ne a ƙasar Japan a watan Nuwamba na shekara ta 1996, sannan a Amurka a watan Maris na 1997. Tun asali an ƙera ta ne domin faifan da ake bugawa a masana'anta.

Shi faifan kamfani, ana danna masa wasu ƙananan ramuka ne a jikin roba, sa'annan a lulluɓe su da siririn ƙarfe mai sheƙi kamar madubi. Idon na'urar yana haska faifan da hasken leza, ya kuma karanta yadda hasken ke dawowa.

Faifan da ake naɗawa a gida kuwa ba shi da irin waɗannan ramuka. Wani rini ne aka shimfiɗa a cikinsa, wanda kwamfuta ke ƙonawa ɗigo-ɗigo domin tabon ya yi kama da ramukan. Saboda haka karanta shi ya fi wuya, musamman ga idon da ya fara gajiya.

Lamarin ya fi tsanani ga faifai mai alamar RW, wato wanda ake gogewa a sake naɗa wani abu a kai. Bisa ƙa'ida, faifan kamfani mai shimfiɗa ɗaya yana mayar da kashi 45 zuwa 85 cikin ɗari na hasken da aka haska shi da shi, yayin da na RW ke mayar da kashi 18 zuwa 30 kacal.

Akwai kuma batun faifan VCD, wanda aka fito da tsarinsa a 1993, wanda kuma finafinan Hausa da yawa suka fito a kansa bayan zamanin kaset. Ana naɗa shi ne a kan faifan CD, kuma hasken da ke karanta CD daban yake da jan hasken da ke karanta DVD. Yawancin na'urori suna da fitilun leza biyu a cikin ido ɗaya. Idan ɗaya ta mutu, sai a ga na'ura tana karɓar DVD tana ƙin VCD, ko kuma akasin haka.

A fara gano mai laifi

Kafin a kashe ko kwabo, akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama.

Da farko a saka faifan kamfani a cikin na'urar. Idan shi ma ta ƙi shi, to matsalar tana ga na'urar.

Idan ta karɓe shi, sai a gwada wani faifan gidan dabam. Idan ta karɓi wannan ma, to wancan faifan na farko shi ke da matsala.

Daga ƙarshe sai a kai faifan da aka ƙi zuwa wata na'urar, ko kuma kwamfuta. Idan ya yi aiki a can, to abin da ke cikinsa yana nan, sai a duba dalilan da ke biye.

Fayil ɗin bidiyo daban, faifan DVD daban

Wannan shi ne dalilin da ya fi kowanne yawa a yanzu. Mutum yakan ɗauki bidiyo daga wayar salula ko intanet, ya kwafe shi zuwa faifai kamar yadda ake kwafe takarda, ya zaci an gama.

Ita kuwa na'urar DVD tsari ɗaya aka koya mata. Da an saka faifai, sai ta nemi wata jaka mai suna VIDEO_TS, wadda a cikinta ake samun fayil-fayil iri uku: VOB mai ɗauke da hoto da sauti, IFO mai nuna mata inda kowane babi ya fara, da BUP wanda kwafin IFO ne na ko-ta-kwana. Hoton kansa kuma a tsarin MPEG-2 aka saba tsara shi.

Wayoyin zamani suna ɗaukar bidiyo ne a tsarin MP4, kuma girman hotonsu ya zarce wanda DVD ke iya ɗauka, wato ɗigo 720 a faɗi da 576 a tsaye. Ko na'urorin da ke da tambarin DivX a goshinsu, waɗanda ke karanta wasu fayil-fayil na AVI, galibinsu ba sa gane bidiyon waya.

Gane wannan ba wuya. A buɗe faifan a kwamfuta: idan babu jakar VIDEO_TS, sai fayil ɗaya ko biyu masu ƙarewa da mp4 ko mkv, to faifan ajiya aka yi.

Maganinsa shi ne a sake naɗa sabon faifai da manhajar da ke mayar da bidiyo zuwa tsarin DVD. Kamfanin Microsoft ya taɓa saka irin wannan manhaja a cikin Windows Vista da Windows 7, amma ya cire ta tun daga Windows 8 a shekara ta 2012. Akwai na kyauta da ke yin aikin, kamar DVDStyler da DVD Flick.

Faifan da ba a rufe ba

Dalili na biyu ya fi shafar faya-fayan da masu ɗaukar biki suka naɗa da kyamara mai ƙaramin faifai, ko da na'urar naɗa shirin talabijin.

Waɗannan na'urori sukan bar faifai a buɗe domin a iya ƙara wani abu daga baya. Sai an zaɓi umarnin Finalize, wato rufewa, sannan ake rubuta jadawalin da sauran na'urori ke bi su gano abin da ke ciki. Faifan da ba a rufe ba tamkar littafi ne da ba a ɗinke ba, ba a kuma sa masa lambar shafi ba: wanda ya rubuta shi kaɗai ya san kansa.

Ana yin rufewar ne a kan na'urar da ta naɗa faifan, ko wata irinta. Idan ba a same ta ba, akwai manhajojin ceto bayanai irin su IsoBuster da kan iya zaƙulo abin da ke ciki.

A nan akwai babban gargaɗi. Kwamfuta takan ɗauki irin wannan faifai a matsayin wanda babu komai a cikinsa, har ta nemi izinin shirya shi domin sabon rubutu. Kada a amince. A juya faifan a dubi ƙasansa a cikin haske: wurin da aka naɗa yakan bambanta da sauran a launi, yana farawa daga tsakiya zuwa waje.

Alamar ragi da alamar tarawa

Faya-fayan da ake naɗawa iri biyu ne, sakamakon gasar da aka yi tsakanin kamfanoni. Kamfanin Pioneer ya fito da DVD-R mai alamar ragi a 1997, sai wani ƙawance da ya haɗa da Philips da Sony ya fito da DVD+R mai alamar tarawa a 2002.

Dukkansu suna ɗaukar gigabait 4.7, kuma ba a iya bambanta su sai an karanta rubutun da ke jikinsu. Na'urorin da aka ƙera a farkon shekarun 2000 sun fi karɓar mai alamar ragi. Haka kuma faifai mai shimfiɗa biyu, mai alamar DL da ke ɗaukar gigabait 8.5, ya fi ba tsofaffin na'urori wahala.

Don haka mai tsohuwar na'ura, DVD-R mai shimfiɗa ɗaya ya fi masa kwanciyar hankali.

Hoto yana birgima ko babu launi

Wani lokaci faifan yakan buɗe, amma hoton ya riƙa birgima ko ya fito baƙi da fari. Wannan alama ce ta saɓanin tsarin talabijin.

Faya-fayan Najeriya da Nijar da Ghana da ƙasashen Turai suna bin tsarin PAL ne, mai hoto 25 a daƙiƙa guda. Amurka da Kanada da Japan kuwa suna bin NTSC, mai hoto kusan 30. Na'urorin gwanjo da aka shigo da su daga Amurka sukan ƙi PAL, kuma irin wannan ce ke sa faifan bikin da aka aika wa 'yan uwa a can ya ƙi yi. Na'urori da yawa suna da wurin sauya tsarin a cikin saitinsu, inda ake zaɓar Auto ko Multi.

Shi kuwa makullin shiyya da kamfanonin fim ke sakawa, wanda ya sa Najeriya a shiyya ta 5, Saudiyya a ta 2, Amurka a ta 1, galibi ba ya shafar faifan gida, domin ba a saka masa makullin.

Gaggawa, ƙura da liƙa takarda

Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Yawancin faya-fayan DVD an rubuta musu 16x, wato iyakar saurin da za a iya naɗa su, to amma naɗawa a kan 4x ko 8x ya fi fitar da rubutu mai kyau, musamman idan faifan mai araha ne.

Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon. Idan ta zauna a kan idon na'ura, faifan gida ne ke fara ƙin yi kafin na kamfani. Buɗe na'ura aikin mai gyara ne, saboda haɗarin wutar lantarki da kuma hasken leza ga ido.

Shi kuwa faifai, ana goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Ruwa mai tsabta ya wadatar, kuma kada a kusanto shi da fetur ko kananzir.

Takardar hoton ango da amarya da ake liƙawa a bayan faifai ita ma takan kawo cikas, domin idan ta karkace ko ta fara ɓarewa, faifan ba ya juyawa daidai.

Faifai ma yana tsufa

Idan faifai ya yi shekaru yana aiki sannan ya fara tsalle ko tsayawa, musamman wajen ƙarshen fim, to akwai alamar rinin cikinsa ne ya fara dusashewa. Hasken rana da zafi da laima duk suna gaggauta hakan.

Wani jagora da hukumar kula da ma'aunai da fasaha ta Amurka, NIST, ta wallafa tare da wata majalisar harkokin ɗakunan karatu a 2003, ya ba da shawarar a ajiye faifai a tsaye cikin gidansa, a wuri mai sanyin digiri 4 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas. A Kano ko Sakkwato ko Yamai kuwa, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40.

Ga shi kuma kayan aikin suna ƙara wuyar samu. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan, wanda ya yi suna wajen faya-fayai masu inganci, ya daina yin su tun 2015, kuma yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da wurin saka faifai.

Saboda haka duk faifan da ke da daraja a wurin iyali, kamata ya yi a kwafe shi tun yana buɗewa. Kwamfuta ta fi na'urar falo haƙuri da faifai mai rauni, domin takan yi ta maimaita karanta wurin da ya gagara. Wadda ba ta da wurin faifai, ana iya jona mata na waje ta kafar USB.

A kwafe jakar VIDEO_TS baki ɗayanta. Manhajar VLC tana iya nuna ta kai tsaye, HandBrake kuma tana mayar da ita MP4 domin kallo a waya. Sa'annan a ajiye kwafi a wuri biyu ko uku, misali a kwamfuta, da filash, da kuma hannun wani ɗan uwa a wani gida dabam.