Amosanin Jini a Fadamar Baturiya

Baturiya ƙauye ne a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa, cikin fadamar kogin Haɗeja, inda ambaliyar damina kan shayar da gonakin shinkafa, ta bar wa masunta tafkuna har cikin rani, ta kuma bar wa sauro mafaka a duhun ciyawar kachalla. Wannan ruwa da ke ciyar da jama'a yana da hannu a cikin abin da ke gudana a jininsu, domin a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana kisa ne amosanin jini, wato sikila, ya fi kafuwa: wanda ya gaji ƙwayar gadon cutar daga ɗaya cikin iyayensa, mai rukunin AS, yakan samu kariya daga zazzaɓi mai tsanani, amma wanda ya gada daga iyaye biyu, mai SS, shi ke kwana da ciwon ƙashi da ƙarancin jini. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a gundumar Garki, wadda yanzu take cikin Jigawa, ya gano a shekarun 1970 cewa kusan kashi 2 cikin 100 na jarirai SS ne, kuma kaɗan daga cikinsu ke kaiwa girma.

Asalin wannan wahala yana cikin DNA, sinadarin da ke ɗauke da rubutun gado, wanda ke naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom a ƙwayoyin jikin mutum. Don gano mazaunin kowace ƙwayar gado, a da masana kan haɗa ƙwayar jikin mutum da ta ɓera, sai haɗin ya riƙa zubar da kuromosom ɗin mutum har 'yan kaɗan su rage, a duba ko abin da ake nema yana cikinsu. Da haka aka tabbatar a 1978 cewa ta sikila tana kan kuromosom na 11. Dabarar PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a Amurka a 1983, tana ninka ɗan guntun DNA sau miliyoyi cikin sa'o'i, ta sauƙaƙa wannan aiki matuƙa, kuma rahoton farko a kanta, na 1985, kan gano sikila ne.

Abin takaici, manomin fadama bai ci moriyar wannan ilimi yadda ya kamata ba, alhali gwajin rukunin jini na asibiti ya isa ya nuna wa namiji da mace masu AS cewa a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Shi ya sa maƙwabciyar Jigawa, Jihar Kano, ta wajabta gwajin kafin aure a 2024. A karkara, inda auren zumunci ke da daraja, nauyin ya fi sauka a kan iyaye idan sakamako ya zo bayan an sa rana, an kai lefe, kuma dangi sun riga sun ji.