Ajiye Hoton Ɗan Wasa Ba Sharholiya Ba Ce

A Bungudu, kamar sauran garuruwanmu, idan aka ga saurayi yana yanko hotunan 'yan ƙwallo yana liƙawa a littafi, ko dattijo yana ɓoyon kasakasan dambe a adaka, hukuncin ɗaya ne: "Rashin aikin yi ke damunsa." Iyayenmu da malamanmu masu faɗin haka suna da hujjarsu. Sun ga yaron da ya haddace sunayen 'yan wasan Turai kaf amma bai kai izu ɗaya ba, sun ga wanda ya ƙarar da kuɗin tara a kan hotuna. Wannan kam abin tsawatarwa ne. Sai dai, cikin girmamawa, wuce gona da iri daban, adana tarihi daban.

Mutanen Amurka sun fi shekara ɗari suna tara katunan 'yan wasan besbol, wato ƙwallon da ake bugawa da sanda. Da farko a kwalin sigari ake sako su, daga baya a ƙunshin cingam. Gaban katin hoto ne, bayansa kuma ƙungiyar ɗan wasan da lissafin abin da ya yi shekara bayan shekara. A 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6. Amma ba kuɗin ne ya dame ni ba. Dubi Livan Hernandez, mai jifan ƙwallo da ya baro Kuba a 1995. A 1997, yana sabon shiga ɗan shekara 22, ya ci wasa 9 ya faɗi 3, ƙungiyarsa Florida Marlins ta ɗauki kofin ƙarshe, shi kuma aka zaɓe shi gwarzon gasar. Yaron da ya ajiye katinsa na wannan shekarar, yau zai nuna wa ɗansa farkon mutumin, ba ƙari ba ragi.

To mu dawo gida. Wane Bazamfare ne bai san sunan ɗan damben nan Shago ba, ko labarin karonsa da Ɗandunawa? Amma tambayi majalisa shekarar da Shago ya fara ɗaure hannu, da filin da ya yi kisansa na farko, ka ji yadda gardama za ta kaure. Ɗan Anace ya yi mana babban aiki da ya riƙe sunan a waƙa, sai dai makaɗi kirari yake yi, ba kwanan wata yake rubutawa ba. Haka 'yan ƙwallon da suka buga wa Zamfara United a Gusau, da samarin unguwanni da suka ci kofuna a Tsafe da Kwatarkwashi: da yawansu sai a bakin tsofaffin abokai.

Wani zai ce ai yanzu komai yana waya. Wayar da ake sacewa a kasuwa, ko katinta ya lalace dare ɗaya? Takarda kuwa, in ta tsira daga gara da damshin damina, jikoki sai su gaje ta. Da ajiyar takardu irin ta Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, aka san yawancin abin da aka sani na tarihin Sakkwato. Ban haɗa darajar littattafan malamai da hoton ɗan dambe ba, amma ɗabi'ar ajiyar iri ɗaya ce, kuma tun ana yaro ake koyonta.

Saboda haka, iyaye, kada ku jefa littafin yaron nan a murhu. Ku ƙayyade masa lokaci, karatu ya zo gaba. Sannan ku ce masa ya haɗa da 'yan wasan garinsu, ya wanke hoton, ya rubuta suna da gari da shekara a bayansa. Wanda ya iya wannan yana ƙarami, gobe shi zai adana takardun gonar gidansu.