Amfanin Darasin Labarin Ƙasa a Babbar Sakandare da Gaba da Ita

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna wani abu guda da ɗalibi ke samu a darasin Labarin Ƙasa, wanda da wuya ya same shi a wani darasi, wato sanin cewa sau da yawa abin da ya auku a wuri, sanadinsa yana can wani wuri mai nisa. Haddar sunayen koguna da duwatsu aikin ƙananan azuzuwa ne. Sai a babbar sakandare ɗalibi ke fara ƙulla ruwan sama da yanayin ƙasa da sana'ar jama'a, kuma abin takaici, daidai nan ne darasin ke zama na zaɓi, ɗalibai da yawa su yar da shi.

Bari mu ɗauki Tafkin Chadi misali. A 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Masuncin Baga ya ga ruwa ya janye, amma ɗalibin da ya iya karanta taswira zai gane dalili: kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai wa tafkin ta Shari da Logon yake zuwa, su kuwa daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Kamaru suke kwaso shi. Ga shi kuma tafkin ba shi da zurfi, saboda haka ƙaramin ragi kan bar fili mai yawa a bushe. Babban aikin noman rani da aka kafa a yankin Marte cikin shekarun 1970 ya gamu da wannan, domin ruwan ya gudu ya bar bakin magudanar da aka haƙa.

Haka al'amarin yake a madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Ta wadata manoman Kura da Kadawa da ruwan rani, amma ta sauya ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita, har kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. A ganinmu duk wanda zai riƙe aikin gona, ko na ruwa, ko ma mulkin ƙaramar hukuma, ya kamata a ce ya san irin wannan lissafi tun yana makaranta.

Gaba da sakandare kuwa, fannin ƙofa ne zuwa safiyo, da tsara birane, da hasashen yanayi, da aikin ƙidayar jama'a. Masu waɗannan ayyuka da hotunan tauraron ɗan'adam da kwamfuta suke aiki, amma wanda bai koyi ma'aunin taswira da layukan tudu da kwari a aji ba, na'urar ba za ta koya masa ba.