Mai Asma Da Keke A Sanyin Hunturu

Da zarar hazo ya sauko a watan Disamba, sai iyaye su kulle keken yaro mai asma a ɗaki, wai kada sanyi ya shige masa ƙirji. Wasu har abin shaƙa suke hana shi, wai wanda ya fara ba ya dainawa. Wannan ta biyun ta fi ban haushi, domin tana iya kai mutum kushewa.

A kan keke, bushewar iska ta fi sanyin laifi. Hanci ne ke ɗumama iska ya jiƙa ta kafin ta isa huhu. Mai taka feda kuwa da baki yake haki, sai iskar ta wuce a bushe. Yadda leɓe ke tsagewa a hunturu, haka hanyoyin numfashi ke rasa danshinsu. A ƙirjin mai asma sai su tsuke, tari da sarƙewar numfashi su biyo baya, sau da yawa ma sai bayan an sauka daga keken da minti 5 zuwa 15. Ga ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi, ga hayaƙin bola da tayoyin da muke ƙonawa da asuba don jin ɗumi, ba mai tsawatarwa.

Duk da haka jingine keke ba magani ba ne. Chris Froome, ɗan Birtaniya haifaffen Kenya, da asmarsa ya lashe gasar keke ta Tour de France sau 4. Abin da ake so shi ne a fara tuƙi a hankali na minti 10 zuwa 15 kafin a ƙara wuta, a rufe baki da hanci da takunkumi ko rawani, ranar da hazo ya yi kauri kuma a jira hantsi.

Abin shaƙa shuɗi, wato salbutamol, buɗe hanyar iska yake yi cikin 'yan mintuna, kuma likitoci kan ce a shaƙa kamar minti 15 kafin a hau. Ba ƙwayar maye ba ce, ba ya kama jiki. Wanda kuka ga yana ta ciro shi daga aljihu, ciwonsa ne bai kwanta ba. Abin da ya rasa shi ne na rigakafi, mai rage kumburin ciki. Tun 2019 ma masana asma na duniya suka daina ba da shawarar dogaro da shuɗin kaɗai.

Sai dai kuɗi. Bayan kamfanin GSK ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya a 2023, farashin Ventolin, shuɗin abin shaƙa na kamfanin, ya yi tashin gwauron zabo, hukumomi kuma suka yi ta alkawari.

Iyaye, ku mayar wa yaro kekensa, ku saka masa abin shaƙa a aljihun gaba. In kuwa ya shaƙa bai sami sauƙi ba, ko magana ta gagare shi, a garzaya da shi asibiti nan take.