Riƙon Ƙwarya a Ƙungiyoyin Agaji: Misalin Ingila

Bahaushe yana da kalmomi da dama game da mutumin da ya hau kujerar da ba tasa ba. Akwai muƙaddashi, akwai wakili, akwai kantoma, wanda a zamanin soja aka riƙa ɗorawa bisa ƙananan hukumomi. Amma mafi dacewa da wannan batu ita ce "riƙon ƙwarya", domin ta bayyana matsayin sarai: ƙwaryar ta wani ce, abin da ke cikinta ma na wani ne, aikin mai riƙo shi ne kada ya bari ta zube kafin mai ita ya zo.

Ƙungiyar agaji ta fi kamfani bukatar irin wannan mutum a lokacin sauyi. In kamfani ya rasa shugaba, masu hannun jari suna nan suna tsaron dukiyarsu. Ita kuwa ƙungiyar agaji ba ta da mai ita. 'Yan kwamitin amintattu galibi masu aikin sa-kai ne, ba kullum suke ofis ba, waɗanda ake yi wa hidimar kuma, watau marayu da makafi da tsofaffi, ba su da bakin magana. Saboda haka idan shugaba ya tafi bagatatan, ko za a haɗe ƙungiyoyi biyu, ko kuɗi ya ja baya, ma'aikata ne ke fara shiga zulumi, ƙwararrun cikinsu kuma su ne ke fara neman aiki a wani wuri.

A Ingila riƙon iri biyu ne, kuma bai kamata a gwamutsa su ba. Na farko shi ne wanda amintattu ke gayyatowa da kansu. Alal misali, ƙungiyar makafi ta RNIB, wadda aka kafa tun 1868, ta shiga tsaka mai wuya a 2018, sa'ad da Hukumar Kula da Ƙungiyoyin Agaji ta buɗe bincike kan yadda ake kula da yara naƙasassu a wata cibiyarta da ke birnin Coventry. Shugabar ƙungiyar ta ajiye aiki. Maimakon a yi gaggawar naɗa magaji, sai aka ɗauko shugaban riƙo, ba a naɗa na dindindin ba sai a 2019. Hikimar abin ita ce, duk wanda aka naɗa cikin wannan ƙura, da laifin da bai yi ba zai fara aiki.

Amfanin mai riƙo yana cikin rauninsa ne. Tun da kowa ya san kwanansa ƙidayayye ne, ma'aikaci ba ya shakkar gaya masa gaskiyar da ya ɓoye wa shugaban da ya tafi. Shi ma yana iya rufe sashen da ya zama kaya, ko ya gaya wa amintattu cewa asusu ya yi ƙasa, ba tare da tunanin gobe ba. Amma fa ranar da ya fara kwaɗayin kujerar, wannan amfani ya ƙare, domin daga nan zai koma neman yardar waɗanda aka kawo shi ya gaya wa gaskiya. Wannan ne ya sa ya kyautu a rubuta wa'adinsa da iyakar ikonsa tun ran farko.

Iri na biyu shi ne wanda hukuma ke ɗorawa. Sashe na 76 na Dokar Ƙungiyoyin Agaji ta 2011 ya ba Hukumar ikon naɗa manajan riƙo, amma sai bayan ta buɗe bincike bisa doka, kuma galibi daga aljihun ƙungiyar ake biyansa. An yi haka a 2013 ga Cup Trust, wadda ta tara fam miliyan 176, amma fam 55,000 kacal ta bayar sadaka. Wannan ba tallafi ba ne, karɓe ragama ne.

Nijeriya ta ɗauko wannan iri na biyu a Dokar Kamfanoni ta 2020, inda sashe na 839 ya ba Hukumar Rajistar Kamfanoni damar dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa manajojin riƙo. Shugabannin coci-coci da ƙungiyoyin farar hula suka yi ca, suna tsoron kada gwamnati ta mai da shi kantoma a wuraren ibada. A 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa sashen ya saɓa wa tsarin mulki.