Durowar Cokula a Ƙaramin Kicin

Kumbiya-Kumbiya na ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, kuma tana cikin unguwannin cikin gari inda gida ke jingine da gida. Tun da aka cire Jihar Gombe daga Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin ya zama hedikwata, jama'a suka yi ta kwararowa, ɗakin haya ya yi daraja. Wurin da ya fi jin wannan matsi a jikinsa shi ne kicin. A gidaje da yawa ɗan lungu ne da ke ɗaukar gas ko kurfoti, da bokitin ruwa, da kabad guda mai durowa ɗaya ko biyu. A wannan durowa ake son cokula da wuƙaƙe da ludaya su zauna lafiya, su kuwa ba sa zama.

Duk mai girki ta san lokacin. Mai ya yi zafi a wuta, albasa na jira, an ja durowa ta cije saboda wani ludayi ya tokare ta daga ciki. An jijjiga ta buɗe, sai ga murafun robobi, da ashana, da ledojin da aka ninke, da guntun kyandir, wuƙar kuma tana can ƙasa bakinta a sama.

Tushen cunkoson yana komawa ranar jere. Iyayen amarya kan sayi cokula dozin-dozin, da saitin wuƙaƙe, da cokula masu yatsu, don a fita kunyar dangin miji. Niyya ce mai kyau, amma gidan mutum biyu ko huɗu ba ya cin abinci da cokali talatin. Tuwo da hannu ake cinsa, shinkafa da wake da cokali, kunu da fura da ludayi. Cokali mai yatsu sai ranar taliya ko indomi yake ganin rana. Saboda haka matakin farko shi ne a zazzage durowar gaba ɗaya a kan faranti, a ware abin da hannu ke taɓawa kullum, sauran a ɗaure su a roba mai murfi a kai ɗaki, su jira suna ko sallah ko ranar da baƙi suka cika gida.

Daga nan sai maganar rabawa. Robar jera cokula da ake samu a shagunan kayan kicin na Babbar Kasuwar Gombe tana da amfani, sai dai an tsara ta ne don teburin Turawa, inda wuƙar cin abinci da cokali mai yatsu ke da gurbi daidai da na cokali. A kicin ɗin Bahaushiya lissafin ya sha bamban. Gurbi mafi faɗi na cokulan cin abinci ne, na kusa da shi na ƙananan cokulan shayi, sannan gurbi guda na mara, da abin goga kuɓewa, da abin buɗe gwangwanin tumatir. Kafin a sayi robar a auna faɗi da tsawo da zurfin durowar, ko da zare ne, domin inci ɗaya ya isa ya hana ta shiga. Wadda durowarta kafinta ne ya ƙera, gara ta koma wa kafinta ya yanka mata siraran katako biyu ko uku ya raba cikin daidai da kayanta. Wannan ya fi robar dacewa, kuma ba ya zamewa idan an ja.

Muciya, maburgi, babban ludayin miya da matsami ba kayan durowa ba ne. Sun yi tsawo, kuma su ne ke tokare ta. Ƙusa uku a bango kusa da murhu sun wadatar da su, ko dogon gwangwani da aka huda gindinsa don ruwa ya tsiyaye. Akwai wani dalilin kuma: kayan itace da na duma suna shan ruwa, idan aka kulle su da danshi a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, fumfuna ce za ta kama su. Haka wuƙar maƙera ta baƙin ƙarfe, wadda ta fi ta kanti ci amma take saurin tsatsa. A goge ta ta bushe, a ɗan shafa mata man gyaɗa, a sa bakinta cikin kube na kwali, a ajiye ta can ƙurya inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Rufaffiyar durowa tana da fa'idar da ta wuce kyan gani. Ƙurar hunturu ba ta barin cokalin da aka bari a buɗaɗɗen kwando, ɓera ma haka. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ne ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci da kayan cin abinci, kuma ya fi tashi da rani. Don haka a leƙa bayan kabad ɗin. Sau da yawa falankin bayan siriri ne, ɓera ya riga ya huda shi ba a sani ba. A toshe ramin, a daina ajiye sukari ko dunƙulen magi tare da cokula, domin su ke gayyato kyankyaso da tururuwa.

Abin da bai kamata a yi ba sam shi ne yayyafa fiya-fiya ko Sniper a cikin durowar. Guba ce mai kisa, hukumar NAFDAC ma ta hana sayar da Sniper a buɗaɗɗun kasuwanni tun 2019. Ruwan zafi da sabulu da shanyawa a rana, sau ɗaya a mako, sun isa.

Iyayen da ke shirin aurar da 'ya bana, su tura a auno musu kicin ɗin da durowarsa kafin su shiga kasuwa sayen kayan jere.