Mene Ne Abin Kallo a Tsohon Keken Yaro?

A shekarar 1976 babban gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York, wanda aka fi sani da MoMA, ya baje kolin hotuna 75 na wani mutumin Memphis da ke kudancin ƙasar Amurka mai suna William Eggleston. Babu sarki a cikinsu, babu yaƙi, babu wani shahararren mutum. Abin da masu kallo suka tarar shi ne keken yara mai ƙafa uku da ya fara tsatsa, da takalma a ƙarƙashin gado, da kare yana shan ruwa a kwatami, kuma duk masu kala ne. Masu sharhi suka yi ca a kansa. Hilton Kramer na jaridar New York Times ya ce hotunan ba su da komai sai gundura. Yau kuwa duk mai ba da tarihin hoto sai ya tsaya a kan wannan baje koli. Abin da rigimar ta koyar shi ne cewa darajar hoto tana cikin idon da ya zaɓi abin da zai shiga da wanda zai bari a waje, ko da abin da aka ɗauka bai kai a waiwaye shi ba, kuma launi yana cikin kayan aikin wannan zaɓi.

Hoto mai kala ba baƙo ba ne a lokacin. Tun 1907 'yan'uwan nan na gidan Lumière a Faransa suka fara sayar da farantin ɗaukar hoto mai launi, a 1935 kuma kamfanin Kodak ya fito da fim ɗin Kodachrome. Matsalar ta suna ce. Kala ta zama kayan masu tallar mota da sabulu, da na iyalai masu ɗaukar hoton biki, manyan masu sana'ar kuwa suka riƙe baƙi-da-fari a matsayin alamar natsuwa da zurfin tunani. Walker Evans, wanda ya shahara da hotunan talakawan Amurka, ya taɓa kiran hoto mai kala abu maras aji, Henri Cartier-Bresson na Faransa ma bai ɗauke shi da daraja ba. Hujjarsu tana da ƙarfi: launi yana jan ido, ya ɗauke hankali daga tsari da haske da inuwa, har mai kallo ya shagala da jan riga ya manta da fuskar mai ita. Sai dai wannan hujja tana aiki ne a kan wanda ya bar launi ya yi abin da ya ga dama. Wanda ya iya sarrafa shi, jan rigar nan ita ce za ta kai idon mai kallo wurin da yake so. Evans kansa, a ƙarshen rayuwarsa, ya ɗauki dubban hotuna masu kala da kyamarar Polaroid.

Yadda Eggleston ya mallaki launi shi ne zuciyar labarin. A farkon shekarun 1970 ya ci karo da wata hanyar wanke hoto mai tsada da kamfanonin talla ke amfani da ita, wadda a zahiri rini ce. Ana raba hoton gida uku, a yi wa kowane kaso farantinsa, ɗaya ya sha rini shuɗi, ɗaya ja mai sirkin shunayya, ɗaya ruwan ɗorawa, sannan a danna su a kan takarda ɗaya bayan ɗaya. Kamar marini a bakin karofi, mai aikin yana iya ƙara wa wani launi kauri ya rage wani, ba tare da ya taɓa sauran ba. Da wannan dabara aka wanke hotonsa na 1973 da ya ɗauka a garin Greenwood na jihar Mississippi: silin ɗaki ja wur, ƙwan lantarki tsirara a tsakiya, fararen wayoyi sun miƙe kamar jijiyoyi. Idan aka mayar da hoton baƙi-da-fari, silin ne kawai da ƙwai. Jan nan mai kama da ɗanyen jini shi ke sa mai kallo jin ƙunci da zafin ɗakin.

Mai ja da wannan magana zai ce ai kowa na iya ɗaukar keke, ballantana yanzu da kyamara ke cikin aljihun kowa. Gaskiya ne kowa na iya danna maɓalli, kamar yadda kowa na da baki amma ba kowa ne mai azanci ba. A duba hoton keken da kyau. Eggleston ya sauke kyamara har dab da ƙasa, sai ɗan keken ya tashi ya fi gidajen da ke bayansa girma, kamar yadda yaro mai rarrafe zai gan shi, jan robar mariƙinsa kuma ya zama wurin da ido ke fara sauka. Dubban mutane sun wuce irin wannan keke a tsaye, shi ne ya durƙusa. Kuma ba shi kaɗai ba ne: Saul Leiter ya yi ta ɗaukar titunan New York da kala tun shekarun 1950 ba a kula shi ba sai da littafinsa ya fito a 2006, Stephen Shore kuma ya zaga Amurka yana ɗaukar gidajen mai da farantin karin kumallo. Kowannensu ana gane hannunsa ko ba a rubuta suna ba, abin da ba ya samuwa da sa'a.

Ƙorafi na ƙarshe ya fi nauyi, wato cewa manya ne suka naɗa wa hotunan rawani. John Szarkowski, shugaban sashen hoto na MoMA a lokacin, shi ya tsaya wa Eggleston, kasuwa kuma ta biyo baya, har a 2012 aka sayar da hotunansa 36 a gwanjon Christie's kan kusan dala miliyan 5.9. Babu musu, gata yana aiki a duniyar fasaha kamar ko'ina, kuma farashi ba shaidar kyau ba ne. Amma gata yana iya rataye hoto a bango, ba ya iya sa masu shirya fina-finai da matasan masu ɗaukar hoto su yi shekara kusan 50 suna koyo daga gare shi. Baje koli da yawa sun sami irin wannan gata an manta da su. Wannan ya zauna ne domin ya nuna wa mutane cewa launin bangon shago, da robar ruwa, da tsohuwar kujera, su ne kamannin zamanin da suke ciki, kuma su ne ke fara ɓacewa saboda ba wanda ya ga sun isa a adana. Kodak ya daina yin kayan wancan rini a 1994, ya daina Kodachrome a 2009, unguwannin da Eggleston ya ɗauka sun sauya kama. Wanda ke son sanin yadda yammacin wata rana take a Memphis ta wancan lokaci, wurin tsohon keken nan zai je.